Shuɗiyar Dawa da Gubar da ke Ɓoye cikin Gyaɗa

A kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, mai sayen gyaɗa yakan damƙi tsaba, ya murza, ya ɗan tauna ya ji ko ta bushe. Duk ƙwarewarsa ba zai gano afalatoksin ba, wato gubar da fumfunar Aspergillus flavus ke zubawa cikin gyaɗa da masara tun suna gona. Suya ba ta kashe ta, kuma hanta take ci sannu a hankali har ta kai ga sankara. A 2004 ta hallaka mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

Maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samo tare da masanan ma'aikatar gona ta Amurka shi ne a haɗa fumfunar da 'yar uwarta. Cikin dangin Aspergillus flavus akwai waɗanda ba sa yin guba ko kaɗan. Aka zaɓo iri huɗu daga gonakin Nijeriya, aka shafa su jikin dawar da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi don kada wani ya kai ta niƙa. Wannan shi ne Aflasafe, wanda NAFDAC ta yi wa cikakkiyar rajista a 2014.

Manomi zai watsa kilo 10 a kadada ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima. Fumfunar sai ta tashi a jikin dawar, ta bazu, ta riga mai gubar kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna gubar na raguwa da fiye da kashi 80 cikin 100, kariyar kuma tana bin amfanin har rumbu.

To, ina gizo ke saƙar? A kasuwa. Aflasafe ba taki ba ne, ba ya ƙara buhu, kuma dillali kuɗi ɗaya yake biya wa mai guba da marar guba. Manomin da ya sha tsadar taki da wuya ya ƙara kashe kuɗi kan abin da ido ba ya gani. Shi ya sa nake ganin aikin bai tsaya ga malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar Bauchi (BSADP) ba; sai manyan masu saye sun riƙa gwaji suna fifita farashin mai tsabta. Kafin nan, gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta ɓaci, ita ake sayarwa da araha, ta koma ƙuli-ƙulin da yaranmu ke saya a ƙofar makaranta.