FILIN MATA: Da Me Za A Yi Shimfiɗar Ƙasan Tanti?

A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani abu wanda ba a cika tunawa da shi ba sai dare ya yi, watau shimfiɗar da akan sa a ƙasan tanti. Duk mai kafa tanti hankalinsa yana kan rufi, don kada ruwa ya zubo masa. Amma mai kwana a tanti ya fi shan wuya ta ƙasa, gama danshi da sanyi ta nan suke hawowa su shiga jikin mutum yana barci.

Kada wata ta ce wannan magana ba ta shafe ta ba. 'Yan makarantar da ke cikin ƙungiyar Gaid, wadda Baden-Powell da ƙanwarsa Agnes suka kafa a Ingila a 1910, ta kuma iso Nijeriya a 1919, sukan fita su kwana a tanti, ana kuwa so kowace ta je da shimfiɗarta. Uwargida ma tana iya samun kanta a tanti ba da sonta ba. A watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, dubban iyalai sun bar gidajensu sun kwana inda ta faɗi. Jariri da mai jego da tsoho ba su jure sanyin ƙasa kamar sauran mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka gara a shirya tun ana zaune lafiya.

Abin da ake nema ga shimfiɗar nan shi ne ta hana ruwa wucewa, ta jure ƙaya da tsakuwa, kuma kada ta yi nauyin da yarinya za ta kasa ɗauka. To, bari mu duba kayan da muke da su ɗaya bayan ɗaya.

Tabarma da buzu

Tabarmar kaba tana da daɗin kwanciya, amma tana shan ruwa, kuma gara tana iya ɓata ta cikin dare ɗaya. Haka buzu, yana da ɗumi ƙwarai, amma in ya jiƙe sai ya yi wari ya ƙage. Buhun algarara ma haka yake, ya sha ruwa ya yi nauyi. Waɗannan duka na sama ne, ba su ne za su taɓa ƙasa ba. Matan Buzaye, waɗanda su ke yin tantinsu na fata ko na tabarma, kuma su ne masu shi, sun daɗe da gane haka, shi ya sa sukan kafa gado na itace a ciki su ɗaga makwancinsu daga ƙasa.

Yadi mai kauri

Yadin auduga mai kauri, irin na jakar makaranta, yana da ƙarfi kuma yana ɗinkuwa. In ya jiƙe zarensa yakan kumbura ya toshe ƙofofin saƙa, shi ya sa yake da kyau wajen rufi. Amma a ƙasa, da mutum ya durƙusa a kansa sai nauyi ya matso ruwa ya ɓullo. Maganin wannan shi ne a shafe shi da kakin zuma ko na kyandir. A sa kakin a gwangwani, a tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, kada a ɗora shi kan wuta kai tsaye, don yana kamawa. A shafa a yadin, sa'an nan a bi da dutsen guga mai ɗumi har ya shige. Aibinsa nauyi ne da tsada. Ina roƙonku kada ku bi shawarar masu cewa a shafa baƙin man mota ko kananzir. Suna cutar da fata, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara.

Makintosh

Kowace uwa ta san makintosh da akan shimfiɗa wa jariri. Sunan wani mutumin Sikotlan ne, Charles Macintosh, wanda ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin yadi biyu a 1823. Ruwa ba ya wuce shi ko kaɗan, amma ƙarami ne, kuma zafin rana yakan sa ya yi danƙo ko ya tsage. A ajiye shi don wurin kwanciyar yaro.

Leda

Tun da aka gano yadda ake yin leda a Ingila a 1933, ba a sami abin da ya fi ta araha wajen tare ruwa ba. Amma leda iri iri ce, araha kuwa ba ta ado. Ta ƙulla kayan miya ba ta kai safe. Wadda za a nema ita ce mai kauri da magina ke shimfiɗawa kafin su zuba kankare, wadda kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Ko ita ma ƙaya tana huda ta, tana da santsi, kuma garwashi ɗaya ya faɗo sai ta narke. Tsohuwar ledar talla, irin wadda ake buga manyan hotuna a kai, ta fi ta ƙarfi, sai dai ta fi nauyi.

Buhun shinkafa

Buhun shinkafa ko na masara irin na leda, wanda aka saƙa, yana jure ƙaya da tsakuwa fiye da zato, amma ruwa yana bi ta cikin saƙarsa, kuma in ya daɗe a rana sai ya ruɓe ya zama gari. Shi kaɗai bai isa ba. Buhun taki sai an wanke shi sarai. Wanda kuwa aka taɓa zuba maganin ƙwari ko irin shuka mai magani a ciki, kada a kusance shi.

Tamfol

Tamfol shi ne ya haɗa ƙarfin buhu da tsaron leda, gama saƙaƙƙe ne aka lulluɓe shi da leda ciki da waje. Irin wanda ƙungiyoyin agaji kan raba yakan zama mita 4 da mita 6. Tantin yara biyu yana bukatar shimfiɗa mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi. Ke nan tamfol ɗaya zai ba da shimfiɗa 8, ya ishi yara 16. Idan iyaye suka haɗa kuɗi suka sayi guda, abin zai zo wa kowa da sauƙi.

Wadda ba ta da halin tamfol kada ta damu. Ta farke buhu 4, kowane zai ba ta wajen mita ɗaya kowane gefe, ta haɗa su da basilla da zare mai ƙarfi. Wannan shi ne zai taɓa ƙasa ya tare ƙaya. A kansa ta shimfiɗa ledar magina, ita kuwa ba a ɗinka ta, domin kowace hudar allura ƙofar ruwa ce. Sa'an nan tabarma ta hau sama.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin ki biya kuɗi, ɗaga abin ki duba shi ta wajen rana, in akwai huji za ki ga haske. In kin zo gida ki jiƙa ƙasa sosai, ki shimfiɗa shi, ki ɗora takarda busasshiya, ki durƙusa a kai har ki ƙirga ɗari. Idan takardar ta yi danshi, bayanki ma haka zai yi. Ƙaramin huji a makintosh ana liƙe shi da faci da sholisho irin na masu gyaran keke, na leda da tamfol kuwa da salatif mai faɗi, ciki da waje.

Awo

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zaton babbar shimfiɗa ta fi. Idan bakinta ya leƙo waje, ruwan da ya gangaro daga rufi a kanta zai sauka, ya bi ta ya taru a ƙarƙashin mai barci. In tantin yana da ƙasa tasa, a rage shimfiɗar da inci 2 kowane gefe, ta ɓuya a ƙarƙashi. In ba shi da ita, a bar rarar inci 4, a tanƙwaro bakin sama ta cikin tanti kamar bakin faranti. A zaɓi tudu, a share ƙaya da duwatsu, kuma da damina, musamman cikin Agusta da ruwa ya fi yawa, a haƙa ɗan lambatu kewaye da tantin.

Sanyi

Leda da tamfol suna tare ruwa, amma ba su tare sanyi. Ƙasa tana janye ɗumin jiki duk dare, balle da hunturu, a wuri kamar Jos inda awon sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Saboda haka a baza busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin shimfiɗar, a kuma tuna bargon da aka kwanta a kai yana da amfani kamar wanda aka rufa da shi. Komai sanyi kada a shiga da kaskon gawayi cikin tanti. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Kada kuma a kwantar da jariri a kan leda tsirara, don tana iya manne masa a hanci.

Da safe a ɗaga shimfiɗa a hankali, gama kunama tana son ƙarƙashinta. A kakkaɓe, a shanya ta bushe kafin a ajiye, don kada ta yi fumfuna, kuma a naɗe ta kamar tabarma, domin a kan ninki take fara tsagewa.

Ku 'yan makaranta, ku nemi buhunanku tun yanzu, ku roƙi iyayenku mata su nuna muku riƙon basilla, kowace ta yi tata da hannunta. Allah Ya kiyashe mu da kwanan dole a waje, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.