Ƙuraje a Fata, Tushe a Hanji: Abubuwa Bakwai Game da Cutar Siliyak

Siliyak cuta ce da garkuwar jiki ke far wa hanji duk lokacin da mutum ya ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir. A jikin wasu, fata ce ke fara tona asirinta da wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi.

1. Likitan Amurka Louis Duhring ya bayyana ƙurajen a 1884, amma sai a 1966 likitoci a Ingila suka gano cewa hanjin masu su ma ya taɓu.

2. Ƙurajen ba sa son kai: in sun fito a gwiwar hannun dama, sai ka gan su a ta hagu. Haka suke yi a gwiwoyi, mazaunai da fatar kai. Ba a ɗaukarsu daga wani.

3. Tsananin ƙaiƙayi kan sa mai su ya farfasa bororon da susa, har likita ya tarar da ɓawon miki kawai. Don gwaji, fatar da ke gefen ƙurjin ake ɗan yanka, wadda a ido lafiyarta ƙalau.

4. Da yawa daga cikin masu ƙurajen ba sa gudawa ko ciwon ciki, alhali hanjin na lalacewa.

5. Dafson, maganin kuturta, na kwantar da ƙaiƙayin cikin 'yan kwanaki, amma ba ya gyara hanji. Yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, waɗanda ke da yawa a Afirka ta Yamma. Kada a sha sai likita ya gwada jini.

6. Zubewar gashi wuri-wuri, farin tabo a fata, borin jini mai naci da gyambon baki sun fi yawa ga masu siliyak.

7. Siliyak ba cutar Turawa kaɗai ba ce. Wani bincike na 1999 ya same ta a jikin sama da kashi 5 cikin ɗari na yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya.

Maganin dindindin shi ne rabuwa da burodi, taliya, fanke, alkaki da duk abin da fulawa ta shiga, har abada. Fata kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara biyu, kafin ta washe. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da gulutin. Sai dai a yi gwaji kafin a daina cin alkama, domin dainawar na ɓoye cutar.