INA MAZAUNIN SAFAYA? DUBI MOTOCIN YARAN DOGO NINI

Duk wanda ya bi ta Dogo Nini, cikin garin Potiskum na Jihar Yobe, da wuya ya rasa ganin yara suna jan motocin da suka ƙera da gwangwani da waya, tayoyin kuwa na tsohon silifas. Abin lura shi ne, yaron da ya gwanance ba ya tsayawa kan taya huɗu. Sai ya yanko ta biyar, watau safaya, ya ɗaura ta daidai inda ya gani a jikin motar gaske.

Ba abin mamaki ba ne. Potiskum gari ne na manyan motoci, musamman masu kwasar shanu daga kasuwarta zuwa kudu. A irin waɗannan motoci ba a ba safaya wuri cikin bodi, don wurin na dabbobi ne, sai a rataye ta ƙarƙashin mota ko a ɗora ta bisa kan direba.

Ƙananan motoci ma kowacce da nata tsari. Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, tata safayar tana ƙarƙashin but daga waje, don kada a sauke kayan fasinja kafin a ciro ta. Landiroba kuwa sau da yawa kan bonet take ɗauke da ita. Volkswagen Beetle da yake injinta a baya yake, sai aka sa tata a gaba, har ma a wasu ƙirar iskar safayar ce ke tura ruwan wanke gilashi.

To, amma kowane mazauni da irin tasa illa, kuma na ƙarƙashin mota ya fi kowanne yaudara. Tayar da ido ba ya gani, mantawa ake da ita. Laka da ruwan damina su cinye sarƙar da ke riƙe da ita, iska ta tsiyaye a hankali, wani lokaci ma ɓarawo ya kwance ta, mai mota bai sani ba. Ba za a farga ba sai taya ta fashe da dare tsakanin Potiskum da Damaturu, ga mata da yara cikin mota, ga mai faci ya daɗe da tashi. Direbobin da suka san hanya shi ya sa suke sa yaron mota ya shiga ƙarƙashi ya duba ta tun a tasha, kafin a fara lodi.