3.2 Faifan Anar na Mdou Moctar: Tarihinsa da Tasirinsa

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Buzu ne daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Turawa sun san shi da kiɗan rok mai amo, amma abin da aka cika mantawa shi ne, faifansa na farko, wato Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a shekarar 2008.

Duk wanda ya saurari faifan zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa. Baitocin da Buzanci suke, amma gangar ta kwamfuta ce, muryar kuma an tace ta da na'ura. A ganin mai wannan nazari, a nan ne aron ya fi fitowa fili.

Faifan bai shiga kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yaɗu ta Bluetooth da memori, kamar dai yadda samari ke tura wa juna waƙa a Bagega ko Anka. Ta haka waƙar "Tahoultine" ta kai kunnen Ba'amurke Christopher Kirkley, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Kamfanin ya buga Anar a 2014, sannan Afrique Victime ya fito daga kamfanin Matador a 2021.