Masu Ƙetare Teku Da Ƙaramin Jirgin Gazuwal

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani irin jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce mita 12 zuwa 18 ba, aka ƙera shi bisa siffar jiragen masunta masu jan koma. Cikinsa akwai ɗakin kwana, da madafa, da makewayi, tamkar gida. Ba ya ɗaukar fasinja ko hajja. Mai shi ne ke tuƙa shi, shi da iyalinsa ko abokai biyu uku, su yi kwana da kwanaki ba su ga tudu ba. Inji ɗaya ne tal ke tura shi, in kuwa ya mutu a tsakiyar teku, babu tasha, babu makanike.

Tun a shekarar 1902 wani ɗan jirgi mai amfani da kananzir ya tashi daga Niyu Yok ya isa Ingila bayan tafiyar da ta haura wata guda. A 1936 kuma wani Bafaranshe mai zanen hotuna, ana ce da shi Marin-Marie, ya tuƙa jirginsa Arielle shi kaɗai daga Niyu Yok zuwa Le Havre cikin ƙasa da mako uku. Amma a wancan zamani jama'a sun ɗauki abin kasada ce kawai. Wanda ya mai da shi ilimi mai ƙa'ida shi ne Robert Beebe, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka. A 1963 ya sa aka ƙera masa jirgi a Singapur, mai tsawon mita 15, ya raɗa masa suna Passagemaker, ya ƙetare tekuna da shi. A 1975 ya wallafa littafi a kan abin da ya gano, wanda maƙera jiragen suka riƙa dogara da shi.

Tushen ilimin shi ne haƙuri. Jirgi mai nauyi da ke ratsa ruwa da ƙirjinsa yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Wanda tsawon gindinsa cikin ruwa ya kai mita 12 ba zai wuce wajen kilomita 16 a awa ba, kome ƙarfin injinsa. Kafin ma ya kai wannan iyaka, shan mai ya riga ya yi tsanani, domin ninka gudu sau biyu yana bukatar ƙarfin inji kamar sau takwas. Saboda haka matuƙan suke tsayawa kan kilomita 11 zuwa 13 a awa, wato gudun mai keke. A nan karin maganar Hausawa ta tabbata, sannu ba ta hana zuwa.

Ga misalin lissafin da matuƙi ke yi kafin ya kwance igiya. Tsakanin tsibirin Bamuda da tsibiran Asor akwai kimanin kilomita 3,300, kusan sau huɗu ke nan na nisan Yamai da Damagaram, kuma babu inda za a sha mai a hanya. In jirgi yana yin kilomita 12 a awa, zai yi awa 275, wato kwana goma sha ɗaya da rabi. In injin yana shan lita 8 a awa, ana bukatar lita 2,200. A kan wannan sai a ƙara tanadi saboda iska ko igiyar ruwa da za ta iya tare gaba. Wanda zumuɗi ya ɗebe ya ƙara wuta, tankinsa zai bushe tudu bai bayyana ba.

Bayan mai, sai lafiyar injin. Yawancin mutuwar injin gazuwal daga ƙazantar mai take zuwa, ko ruwa da ya shiga tanki. Don haka akan ɗaura matata biyu jere, in ɗaya ta toshe a juya zuwa ɗayar ba tare da an kashe inji ba. Wasu jiragen suna da ɗan ƙaramin inji na biyu mai tasa farfela, don ranar wuya. Ana leƙa ɗakin inji a kai a kai, dare da rana, a duba zafi da yoyo. Mutanen jirgi kuwa suna karɓa-karɓar gadi, awa uku ko huɗu kowane, domin jirgin ba ya tsayawa.

Wata matsalar ita ce tangaɗi. Jirgi mai filafilai iska ce ke tokare shi, amma mai inji sai ya yi ta kwanciya dama da hagu har mutane su galabaita da amai. Beebe ya aro dabarar masunta: a miƙa dogayen sanduna biyu a gefen jirgi, a rataya wa kowace wani faranti na ƙarfe mai kamar kifi, yana tafiya ƙarƙashin ruwa yana riƙe jirgin. Daga baya aka yawaita fukafukai masu motsi da kansu a jikin jirgi. Ruwan sha kuma ana samun sa ta na'urar da ke tace gishirin ruwan teku.

Zaɓen lokaci ma wajibi ne. Guguwa mai ƙarfi tana tashi a Atlantika daga watan Yuni zuwa Nuwamba, musamman tsakiyar wannan lokaci, shi ya sa masu nufin Turai suke barin Amurka tun cikin Mayu.

An jarraba wannan ilimi a fili. Daga ƙarshen 2001 zuwa tsakiyar 2002 wani jirgi ƙirar Nordhavn mai mita 12 ya kewaye duniya, ya dawo Kalifoniya inda ya tashi. A 2004 kuma jirage 18 suka taru a Fulorida, suka bi ta Bamuda da Asor har Jibraltar. Mutanen da ke cikinsu da yawa ba ma'aikatan ruwa ba ne, akwai ƴan fansho da matansu. Abin da ya fisshe su shi ne lissafin mai tun a gida, da tsabtar inji, da yarda su yi tafiyar mai keke har su ga ƙasa.