Yadda ake tsara shirin bunƙasa makaranta da taimakon ƙwararru

A shekarar 2008 ne hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, wato DFID, ta ƙaddamar da shirin ESSPIN domin inganta ilimi a matakin farko a Najeriya.

Kamfanin Cambridge Education ne ya jagoranci shirin, wanda aka kammala a 2017, bayan ya yi aiki a jihohin Kano da Kaduna da Jigawa da Kwara da Legas da Enugu.

Ƙwararrun da aka ɗauko sun horar da jami'an ilimi na jihohi, su kuma jami'an suka horar da shugabannin makarantu.

Daga nan shugaban makaranta kan zauna da kwamitin iyaye da malamai da dattawan gari, su tantance matsaloli kamar ƙarancin kujeru ko rashin makewayi, su zaɓi waɗanda za a iya magancewa cikin shekara guda, sannan su ƙiyasta kuɗinsu.

Dalilin bin wannan hanya shi ne ƙwararre baƙo ne, da zarar kwangilarsa ta ƙare zai tafi.

Mutanen gari ne za su ci gaba da aiwatar da tsarin, kuma ɗorewarsa ta dogara ga ko gwamnatin jiha za ta riƙa sakin kuɗi.