Kayan Aikin Mai Sassaƙa Lofe A Gida

A ƙasashen Turai, sassaƙa lofen shan taba sana'a ce da mutum ɗaya kan gudanar a ɗaki guda cikin gidansa. Akasari ana yin lofen ne da saiwar wata bishiya mai jure wuta da ke fitowa a ƙasashen Bahar Rum. Garin Saint-Claude na Faransa ya shahara da wannan aiki tun ƙarni na 19.

Injin huda shi ne abin da ya kamata a fara zuba jari a kai. Ramin zuba taba kan kai faɗin milimita 20, kafar zuƙar hayaƙi kuwa kimanin milimita 4, kuma wajibi ne kafar ta ɓullo daidai gindin ramin. Idan aka kuskure, itacen da aka saya da tsada ya tashi a banza.

Sauran kayan sun haɗa da zarto, magagari, samfefa da injin gogewa. Ana kuma bukatar na'urar zuƙe ƙura domin kare huhu.

Mai ƙaramin jari kan fara da itacen da aka riga aka huda, ya jinkirta sayen manyan injuna har ciniki ya kankama.